Kwana Huɗu a Jif ɗin Wilson

Takardar ba ta taɓa isowa hannun Saude ba, karanta mata ita aka yi a waya. Wani direban bas ne ya kira ta daga Azare ranar Talata da hantsi, tana bakin aiki a asibitin da take aikin jinya a Zariya. Ya ce shi bai san ta ba. Wata tsohuwa ce ta tare shi a tasha a Maiduguri, ta damƙa masa takarda da lambar waya a bayanta, ta haɗa shi da Allah in ya kai inda waya ke shiga ya kira. A lokacin an yi kusan wata guda da yanke layukan waya a Borno, sai mutum ya tsallake Yobe kafin wayarsa ta farfaɗo.

"Ga abin da ke ciki," in ji direban. "Babanki ya fita tun Asabar bai dawo ba. Ki zo. Kellu."

Ya Kellu mahaifiyarta ce, Babarbariya haifaffiyar garin. Baban kuwa Malam Bala, Bakano ne da ya zo Maiduguri yana saurayi, ya yi shekara talatin da wani abu yana jan babbar mota, yana ɗaukar bandar kifi daga Baga zuwa Kudu. Shekara uku ke nan da kansa ya fara rikicewa. Da farko mantuwar carbi ce da takalmi, daga baya har yakan dubi matarsa ya tambaye ta baƙuwar wa ce. Saboda shi ake sa wa ƙofar gida kwaɗo. Ranar Asabar ɗin mai moya, mai sayar da ruwa, ya shigo da kurarsa, aka bar ƙofa a buɗe yana juye jarkoki, kafin ya gama Malam Bala ya fice.

Saude ta iso ranar Laraba da la'asar sakaliya. Ta tarar da mahaifiyarta a tabarma a bakin ɗaki, a gidansu na Bolori, ta miƙe ƙafafunta masu ciwon gwiwa. Ya Kellu ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Wushe, sannu, kin sha hanya." Sannan ta ce maƙwabta sun zagaye unguwa, sun bi masallatai, sun je har tashar Baga da ke cikin garin tun yammacin Asabar ɗin, ba wanda ya gan shi.

Washegari Saude ta gwada nema a Keke, tunda acaɓa an hana shi tuntuni. Mai Keken farko ya kai ta wata mahaɗa ya ce shi daga nan ba ya wucewa. Ta tsaya cikin rana tana jiran wani. Kafin ta leƙa asibiti ɗaya da ofishin 'yan sanda ɗaya yamma ta yi, dokar hana fita ta matso, kowa ya kama hanyar gida da sauri. Ta ga in haka za ta bi, ko wata guda ba zai ishe ta ta zagaya garin ba.

Kafin ta baro Zariya, wata abokiyar aikinta 'yar Biu mai suna Florence ta rubuta mata sunan yayanta Wilson, mai ba da hayar motoci a bayan wani otal a cikin gari. Can ta nufa washegari da sassafe. Ta same shi zaune a kan benci a ƙarƙashin darbejiya, gajeren mutum mai furfura a gemu, yana jin rediyo. Ta ba shi labari. Ya saurara har ta gama bai katse ta ba.

"Madam, mota akwai, direba ne babu," in ji shi. "Na ƙarshensu ya kwashe iyalinsa ya yi Yola makon jiya. Kin iya tuƙi?"

"Babana ne ya koya min."

"Giyar hannu ce fa."

"Da ita na koya."

Ya tashi ya yaye tamfol daga kan wata ƙaramar jif fara. Daga waje tana da kwarjini, ƙugunta a sama, tayoyinta manya, ga ƙarafa biyu a rufinta kamar mai shirin ɗaukar kaya. Amma da Saude ta shiga ta ja ƙofa, sai ta ji ƙara kamar an rufe murfin gwangwani. Ciki duk roba ce baƙa mai tauri. Kujerun na yadi ne, an goge su amma warin tsohon turare da na gumin waɗanda suka riga ta bai fita ba.

Wilson ya leƙo ta taga. "Ga takardunta a nan. In kin hango shinge, kashe esi, ki sauke gilashi duka huɗun tun daga nesa. Kada ki sa hannu a jaka sai an ce ki sa. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki wuce shingen ƙarshe, ko ta wace hanya ce."

"Saboda motar?"

"Har da motar, ba zan ɓoye miki ba. Amma Florence ba za ta yafe min ba in wani abu ya same ki."

Kulocin yana kamawa can sama, sai da ta kusa ɗauke ƙafarta duka kafin motar ta motsa, ta yi tsalle ta mutu a bakin ƙofar otal. Karo na biyu ta fita titi. Sitiyarin ba shi da nauyi ko kaɗan, da yatsa biyu ma za a iya juya shi. Injin kuwa ƙarami ne a cikin babban jiki. Da ta kunna esi sai ta ji motar ta yi sanyin gwiwa, tana taka totur injin na ihu amma tafiyar ba ta ƙaru ba. Hon ɗin siriri, har mai Keken da ta danna wa bai waiwayo ba. Abu biyu ne suka yi mata daɗi. Ramukan titi motar ba ta damu da su ba, hawa take yi ta sauka ba tare da cikinta ya taɓa ƙasa ba. Sannan kujerar a sama take. Daga nan Saude tana hango kan mutane, tana ganin bakin shaguna da gindin bishiyoyi, duk inda tsoho zai iya raɓewa.

Ya Kellu ta ce ba za a bar ta a gida ba. Hawa motar ya zame mata aiki. Sai da ta dafa ƙofa da hannu ɗaya, Saude ta tallafi ƙugunta, ta ɗaga mata ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna tana haki, hoton mijinta a cinyarta, wanda aka ɗauka ranar bikin autarsu, yana sanye da farar babbar riga yana kallon gefe.

Ba su yi nisa ba suka gane wahalar da ke gaba. A wasu shingayen na sojoji, fasinja sai ya sauka ya taka da ƙafa hannuwa a sama, direba ya buɗe but. Tsakanin shingen sojoji da na gaba kuma akwai 'yan gora, samarin unguwa masu sanduna da adduna da suka fara tsare hanyoyi a 'yan makonnin. Wani ya ga tsufan Ya Kellu ya ce ta zauna abinta, wani ya ce doka doka ce. Ranar farko sau bakwai ta sauka ta hau. Kowane shinge Saude sai ta miƙa hoton. Su karɓa, su duba, su miƙa wa juna, su girgiza kai.

"Tsofaffi da yawa ke wucewa, Hajiya," in ji wani ɗan gora. "In an tambaye shi sunansa yana faɗa?"

"Wata rana yana faɗa."

Saurayin ya mayar mata da hoton, ya buɗe musu hanya.

Sun bi asibitoci uku a ranar. A na ukun wata nas ta duba littafi ta ce babu mai wannan suna, sannan ta rage murya ta ce ko za ta leƙa baya. Saude ta bar mahaifiyarta a mota a inuwa, ta ce za ta ga wani likita. Ɗakin ajiye gawa ba wuta, wurin ya cika har baranda. Mai kula da shi ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya ce tsofaffi huɗu ne ba a zo nema ba. Ya buɗe mata fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Aikinta ya saba mata da gawa, amma ba ta taɓa duban fuskar mamaci tana neman hancin babanta ba. Babu shi a ciki.

Da ta dawo mota sai makulli ya ƙi shiga raminsa. Da ya shiga ta ta da motar, ta mutu. Ta sake, ta mutu. Sau uku. Ya Kellu tana kallon gaba, ba ta tambaye ta wane likita ta gani ba. Sai can ta ce, "Ba ya nan ko?"

"Ba ya nan, Ya."

"Alhamdu lillahi. Mu tafi."

Rana ta biyu suka nufi Umarari, inda suka yi zaman haya kafin a haifi Saude, ko tsohon gida ya ja shi. Gidan yana nan, an canza masa ƙofa, mutanen ciki ba su taɓa jin sunan Malam Bala ba. Wani mai shayi a bakin layin ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce ya ji ana maganar wani tsoho da bai san sunansa ba, an tsince shi an kai shi wani kango a unguwar Dala, nan cikin garin, inda mutanen da suka gudo daga ƙauyukan Marte ke zaune.

Saude ta tuƙa da saurin da ba ta yi ba tun da ta karɓi motar. Ta kashe esi don injin ya sami ƙarfi, zafi ya cika motar, robar gaba ta yi zafin da ba a iya dafa ta. A Dala suka bar kwalta suka shiga lungu mai yashi. Ta ɗauka jif ce, yashi ba zai dame ta ba. Ashe tayoyin gaba kawai ke ja. Suna hango kangon motar ta fara nishi, ta tsaya, tayoyin suka riƙa juyawa wuri ɗaya suna watsa yashi. Ta sa ribas, ta ƙara nutsewa.

Kafin ta buɗe ƙofa mata sun kewaye motar. Sun ga farar jif, sun ga mace mai tabarau a gaba, sun ɗauka rabon kaya aka zo yi. Hannuwa suka shigo ta tagogi huɗun. Ana magana da Barbarci, ana yi da Larabcin Shuwa, wata na cewa da Hausa, "Hajiya, rubuta ni, mu tara ne." Wata yarinyar mace ta ɗaga jaririnta daidai tagar direba. Saude ta ga maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma, leɓɓansa sun bushe. Ta san abin da yake buƙata, ta san har yawan ruwan da za a ɗaura masa. Abin da ke motar shi ne ledar fiya wata guda da rabin burodi.

Ya Kellu ce ta ɗaga murya da Barbarci ta ce su ba gwamnati ba ne, mijinta take nema. Hannuwan suka janye a hankali. Ba wadda ta yi musu faɗa. Wata dattijuwa ta ce, "Ayya, ku zo, yana ciki."

Tsohon yana kwance a kan buhu a gindin bangon da ba a gama ba. Tun daga ƙafafunsa Saude ta san ba shi ba ne. Dogo ne siriri, makaho, yana ta kiran wani suna da ba wanda ya sani. Ya Kellu ta tsaya a kansa ta daɗe, sannan ta gyara masa mayafin da ya zame.

Maza biyar suka tone yashin da hannu, suka sa kara da fasassun bulo a ƙarƙashin tayoyi, suka tura. Motar ba ta da nauyi, har suna ɗaga bayanta. Saude ta raba ruwan, ta nuna wa uwar jaririn yadda za ta haɗa gishiri da sukari, uwar ta ce ba su da sukari. Ta ɗauke su a kujerar baya ta kai su ƙofar asibiti, ta haɗa su da nas ɗin jiya. Yamma ta riga ta yi, ba ta iya tsayawa ta ga an karɓe su ba, kuma ba ta sake jin labarinsu ba.

Rana ta uku Saude ta ce za ta koma tashar Baga da kanta. Mahaifiyarta ta ce ai an je. Saude ta ce an je ranar Asabar ne kawai.

Tashar da ta sani tana yarinya, mai cike da kwalayen kifi da ihun 'yan kamasho, ta zama fili. Motoci kaɗan ne, direbobi na zaune a rumfa ba aikin yi. Tana miƙa hoton wani mutum mai faɗin kafaɗa ya miƙe tsaye.

"Wannan ai Baba Bala ne. Ke 'yarsa ce? Ni ne Ba'ana. A hannunsa na koyi mota."

"Ka gan shi?"

"Lahadin da ta wuce, da safe. Nan ya zauna, a bencin nan. Na saya masa shayi ya sha."

Saude ta zauna a inda ya nuna. "Ina ya tafi?"

Ba'ana ya cire hularsa ya riƙe. "Wallahi ƙanwata, ban san ba shi da lafiya ba. Mun shekara biyar ba mu haɗu ba. Ya gaishe ni da sunana, ya tambaye ni mahaifina, har ya yi min faɗa a kan tayar motata ta suɗe. Ya ce yana da lodi a Baga yana jiransa. Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Na tafi sallar azahar, da na dawo aka ce min ya hau bayan motar da ta ɗauki gero zuwa Monguno."

"Ba wanda ya hana shi?"

"Wa zai hana Baba Bala hawa mota a tashar nan?"

"Ina direban?"

"Bai dawo ba tukuna. Yanzu mota in ta fita, sai ranar da aka ga ta dawo. Ba waya, ba a san ko ta isa ba."

Saude ta koma mota ta faɗa wa mahaifiyarta. Ya Kellu ta ce, "Monguno ai ba nisa. In mun tafi yanzu kafin la'asar mun isa."

Saude ta tuna roƙon Wilson. Ta dubi allurar mai, tanki a cike yake. Ta ta da mota ta hau titin Baga, ta miƙe arewa. Gidaje suka fara raguwa, shaguna a rufe, wasu bangayen da tabon wuta. Titin ya zama nata ita kaɗai, karon farko ta sa giya ta biyar. Iska ta riƙa kaɗa motar gefe da gefe, rufin na kuwwa, madubin gefe na karkarwa, amma tana tafiya. Ta ji a ranta motar nan za ta iya kai su.

Shingen ƙarshe ganguna ne cike da yashi, da gungumen itace a gicciye, da motar yaƙi a gefe an rufe ta da raga. Ta sauke gilashi, ta tsaya inda aka nuna mata. Sojan da ya zo baƙi ne dogo, Hausarsa irin ta yamma.

"Hajiya, ina zuwa?"

Ta ba shi hoton, ta ba shi labari. Ya saurara yana kallon cikin motar.

"Ku biyu ne? Ke da tsohuwa?"

"Mu biyu ne."

"A farar jif." Ya girgiza kai. "Ba za ki wuce ba."

"Babana ne. Bai san inda yake ba. Ko sunansa ba kullum yake tunawa ba."

"Na ji ki. Ni ma ina da uba. Amma irin motar nan ita 'yan bindiga suke nema. Motar gero ma sai an tara su an raka su. Ke ko Gajiganna ba za ki kai ba. Juya."

"To yaushe za a raka wasu? In bi su."

"Ba ni ke sa rana ba, Hajiya. Kuma ko an sa, ba a sa ƙananan motoci."

Ta roƙe shi da Allah, ta roƙe shi da iyayensa. Ta nuna masa katin aikinta. Ya ce ko likitan soja ce ba za ta wuce ita kaɗai ba. Suna cikin haka ta ji an buɗe ɗaya ƙofar. Ya Kellu, wadda kwana uku sai an riƙe ta take sauka, ta zamo daga kujera da kanta. Ta gyara lafayarta, ta zagaya gungumen, ta kama tafiya a tsakiyar kwalta, ta nufi arewa.

"Ya! Ya, dawo!"

Wani soja daga bayan buhuna ya daka tsawa, dogon ya ɗaga masa hannu. Bai kama tsohuwar ba. Rataye bindigarsa ya yi a baya ya bi ta gefenta, yana tafiya daidai da tafiyarta, yana cewa, "Mama, yi haƙuri. Mama." Tana ɗingishi, tana jan ƙafar hagu. Ta yi taku kamar talatin. Sannan gwiwoyin suka ƙi, ta durƙusa, ta zauna a kan kwalta mai zafi. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar Asabar, tana kiran mijinta da sunan da Saude ba ta taɓa jin ta kira shi da shi ba, Bala, ba Malam.

Su uku suka ɗaga ta suka mayar da ita mota. Sojan ya ce a bar masa hoton, zai nuna wa duk motar da ta shigo daga can. Saude ta ce shi kaɗai ke gare su, gobe za ta kawo masa wani. Juya motar bai yi wuya ba, ƙarama ce, sau ɗaya ta karya sitiyari ta fuskanci gari.

Rana ta huɗu ita kaɗai ta fita, mahaifiyarta ba ta iya tashi ba. Ta sami wani shago mai janareto aka buga mata hoton a takardu da yawa, ta rubuta sunansa da kwatancen gidansu a ƙasan kowace, da boko, wani malami ya rubuta mata da ajami. Ta kai wa sojan, ta kai wa Ba'ana sauran. Ya ce duk ranar da aka buɗe hanya shi zai fara fita, ko da lodi ko babu.

Daga nan ba ta da sauran wurin zuwa. Ta zagaya Bolori sau biyu a hankali tana duban gindin bishiyoyi, alhali ta san ba ya garin. Da azahar ta mayar da motar.

Wilson ya zagaya ta sau ɗaya, ya ga yashi a tayoyi da shatin hannuwa a jikin ƙofofi. Ya tambaye ta ko an dace, ta faɗa masa. Ya ce zai sa sunan a addu'a a cocinsu ranar Lahadi.

"Motar fa? Ba ta ba ki matsala ba?"

"Ba ta da ƙarfi in an kunna esi. Yashi kuma ba nata ba ne." Ta miƙa masa makulli. "Amma duk inda aka bar ta ta je, ta je."

Hutun da ta ɗauka ya ƙare, ba ta koma Zariya ba. Kullum da safe takan hau Keke zuwa tashar, ta zauna a bencin har azahar, ta dawo. An raka motoci sau ɗaya Ba'ana ya bi su, aka yi kwana tara ba labarinsa.

Ranar da ya dawo ana yayyafi. Ya tsayar da babbar motarsa a bakin layi don ba ta shiga lungun, ya goyo Malam Bala a bayansa har tsakar gida. Tsohon ya rame har Saude tana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta wuyan riga. Ba takalmi, tafin ƙafafunsa duk sun tsage sun yi ruwa. Rigar jikinsa ba tasa ba ce, wata shuɗiya ce gajera.

Ba'ana ya ce ba a Monguno ya same shi ba. Direban geron ya ce tun a hanya ya sauka da aka tsaya a wani ƙauye, ba a lura ba sai da aka isa. Ƙauye ƙauye Ba'ana ya bi da takardar, har ya same shi a wata makarantar firamare da mutane suka fake. Wasu iyali ne suka tsince shi a daji suka riƙe shi, suna ba shi abin da suke ci. Kwana biyu kafin Ba'ana ya iso suka tashi suka nufi Nijar, suka bar shi a hannun mai gadin makarantar. Ba wanda ya san sunansu.

Saude ta dafa ruwa ta zuba gishiri, ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta tana wankewa. Yana kallonta da ladabi irin na baƙo.

"Sannu, yarinya. 'Yar gidan wa ce ke?"

"'Yar gidan Malam Bala ce, Baba."

"Direba? Na san shi." Ya gyaɗa kai. "Allah ya yi miki albarka, hannunki da sauƙi."

Da ta zo wanke shuɗiyar rigar ta sami wani kati a aljihu, an ninke shi huɗu a cikin leda. Katin awon ciki ne na wata mata, ruwa ya cinye sunan, amma sauran rubutun yana fita. Cikin wata tara ne, kuma an ja layi biyu a ƙarƙashin awon jininta, an rubuta lallai ta haihu a asibiti. Da alama rigar ta iyalin da suka riƙe shi ce, suka manta katin a ciki. Saude ta nuna wa Ba'ana, ya ce zai tambaya in ya sake fita. Ya tambaya, bai sami kowa ba.

Malam Bala bai sake taka ƙafarsa ba. Ciwon ya ci gaba duk da wankin da allurai. Ya rasu ranar sha ɗaya ga azumi, da hantsi, Ya Kellu na yi masa fifita. Direbobin tashar ne suka ɗauki makararsa. Bayan sadakar bakwai Saude ta roƙi mahaifiyarta ta bi ta Zariya, ta ce sai ta gama takaba a ɗakinta. Saude ta koma ita kaɗai a bas.